Kayan Ɗakin Girki na Sabon Gida: Yadda Mai-bi Za Ya Zaɓa

Karatu: Luka 14:28-30 da 2 Sarakuna 4:8-11

Cikin shekarun nan Ubangiji ya buɗe wa 'yan'uwa da yawa hanya, har sun gina gidaje na kansu a Jos, da Kaduna, da Gombe, da Abuja, da sauran garuruwa. Waɗansu kuma suna shirin aurar da 'ya'yansu mata, suna tattalin kayan ɗaki. Mun gode wa Allah domin wannan. Amma sa'anda gini ya ƙare, ko ranar biki ta kusato, sai wata tambaya ta taso: wane irin kaya za a sa a ɗakin girki? Kakanninmu ba su sha wahalar wannan tambaya ba, gama kayansu sanannu ne: duwatsun murhu 3, da tukunya, da muciya, da turmi da taɓarya, da randa. Yau kuwa in mutum ya shiga kanti sai ya ga firiji mai ƙofa 2 kamar ƙofar zaure, da murhun gas mai kai 5, da obin na lantarki, da injin wanke kwanuka, kowane ɗaya da tsadarsa.

Watakila wani za ya ce, me ya haɗa jaridar ekklesiya da zancen firiji? To, mu da mu ke ziyartar gidajen masu-bi mun sha ganin abu 3. Akwai gidan da kaya sun cika, amma bashinsu ya hana maigida barci. Akwai gidan da injuna masu tsada suna tsaye an rufe su da mayafi, ba su taɓa yin aiki ba. Akwai kuma gidan da falonsa ya yi kyau ƙwarai, amma uwargida tana bayan gida tana hawaye cikin hayaƙin itace. Dukan waɗannan sun shafi salamar gida da shaidar Kirista, domin wannan ya wajaba mu yi nazari a kansu.

1. Kaya mai kyau ba zunubi ba ne

Bari mu fara da matar nan ta Shunem. Littafi Mai Tsarki ya nuna mana ita mai arziki ce. Da ta lura annabi Elisha yana wucewa ta garinsu a kai a kai, sai ta yi shawara da mijinta su gina masa ƙaramin ɗaki a bisa bene. Abin da ta sa a ciki 4 ne: gado, da tebur, da kujera, da fitila. Ku lura da abu 2. Da fari, ba ta yi rowa ba, gama ta kashe kuɗi ta yi gini. Na biyu, ko da shi ke tana da ikon cika ɗakin da kayan ado, ta zaɓi abin da matafiyi ya ke bukata: wurin kwanciya, wurin cin abinci, wurin zama, da haske. Kowane kaya da aikinsa.

Manzo Bulus kuma, cikin 1 Timothawus 6:17-18, bai umurci mawadata su zubar da dukiyarsu ba. Ya gargaɗe su kada su yi girmankai, kada kuma su dogara gare ta, su zama masu yawan alheri. Saboda haka ɗan'uwan da Allah ya ba shi hali, in ya sayi firiji mai ƙarko wanda za ya yi shekaru yana aiki, bai yi laifi ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda ya sayi na banza sau 3 ya fi wanda ya sayi nagari sau 1 hasara. Abin da mu ke so mu koya shi ne, kayan girki bayi ne na gida, kuma ana zaɓen bawa bisa ga aikin da ke jiransa.

2. A zauna a yi lissafi tukuna

Cikin Luka 14 Ubangijinmu ya yi zancen mutumin da ya ke so ya gina hasumiya, ya sa tushe, ya kasa gamawa, har masu wucewa suka yi masa ba'a. Ainihin koyarwar tana kan tamanin bin Yesu ne. Amma ya ɗauko misalin daga abin da kowane mai hankali ya sani, watau a ƙididdige kuɗi kafin a soma. Yawancinmu muna lissafin kuɗin saye kaɗai. Ga waɗansu kuɗaɗe 3 da su ke ɓoye a bayansa.

Na ɗaya, abincin injin. Kowane kayan lantarki yana da ɗan rubutu a bayansa wanda ya nuna wat nawa ya ke ci. Wat 1,000 na tsawon sa'a 1 shi ne yunit 1 a mita. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A a Nijeriya, watau waɗanda aka ce za su riƙa samun wuta sa'a 20 a rana, ya zama naira 225 kowane yunit. Bari mu yi lissafi da wannan farashi. Murhun lantarki mai cin wat 2,500, in ya yi aiki da dukan ƙarfinsa sa'a 2 kowace rana, ya ci yunit 5 ke nan a rana, 150 a wata. Kuɗinsa naira 33,750. A cikin wannan shekara ta 2024 aka tsai da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Ashe murhu guda ya kusa cinye rabin albashin ƙaramin ma'aikaci. Firiji matsakaici na zamani kuwa ya kan ci wajen yunit 1 ko 2 a rana. Ka'idar ke nan: dukan abin da aikinsa yin zafi ne, kamar obin, da butar lantarki, da murhun lantarki, yana da babban ciki.

Kada kuma mutum ya ce janareta za ya ɗauka. Ƙaramin janareta da ke yawancin gidaje ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, butar lantarki kaɗai kuwa ta kan nemi wajen 2,000. Firiji ma, a lokacin da injinsa ke tashi, ya kan ja ninki 3 ko fiye na abin da ya saba ci. Tun da aka janye tallafin man fetur a ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya ninka fiye da sau 2 cikin 'yan kwanaki, dafuwa da janareta ta zama ƙona kuɗi. Mai niyyar sa sola kuma ya nuna wa ma'aikacin jerin kayansa tun kafin a sayi batura.

Na biyu, dacewa da ƙasarmu. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta gidajen Amurka kuwa 120 ce. In ɗanka da ke Amurka ya aiko maka da injin markaɗe, ka duba rubutun bayansa kafin ka jona, in ba haka ba za ya ƙone nan take. A jikin firiji kuma akwai haruffa masu nuna iyakar zafin ɗakin da aka yi shi dominsa. Mai harafin N iyakarsa digiri 32, mai ST 38, mai T kuwa 43. Mutumin Jos, inda a ke da sanyi, yana iya zama da mai ST. Amma a Sakkwato da Maiduguri, inda zafin Afrilu ya kan wuce digiri 40, sai mai T. Wanda bai duba wannan ba za ya ga injin yana ta kuka dare da rana, ruwan ciki kuwa bai yi sanyi ba.

Akwai kuma wani murhun lantarki mai fuskar gilashi wanda ke aiki da ƙarfin maganaɗisu. Yana da sauri, yana da tsabta, amma ba ya karɓar kowace tukunya. Ka manna maganaɗisu a gindin tukunyarka: in bai kama ba, murhun ba za ya dafa da ita ba. Tukwanen dalma da matanmu su ke tuƙa tuwo a ciki ba su kamawa. Injin wanke kwanuka kuma yana bukatar ruwan famfo mai ƙarfi da sabulu irin nasa. A gidan da a ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, akwati ne kawai mai tare wuri.

Na uku, gyara. Kafin ka biya, ka tambaya: in ya lalace, wa za ya gyara shi a garin nan? Ana samun kayan gyaransa a kasuwarmu, ko sai an aika Legas ko ƙasar waje? Garantin na wata nawa ne, an kuma rubuta shi a takarda? Ka karɓi rasit ka ajiye. Inji mai maɓallai da yawa da allon haske yana da wuraren lalacewa da yawa, wutar da ke hawa da sauka kuwa ita ce babbar abokiyar gabansa. Domin wannan sai a lissafta kuɗin sitabilaiza, da na ma'aikaci gwani wanda za ya ja waya mai kauri zuwa ɗakin girki, tun gini bai ƙare ba.

3. Abin da ya kamata ya zo da fari

Misalai 24:27 ta koya mana a shirya aikin gona tukuna kafin a juya ga ginin gida. Watau abin da rai ya dogara a kansa shi ke gaba. Ga yadda mu ke ba da shawara a jera su.

Na fari, murhu da iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2020 mutum wajen miliyan 3.2 suka mutu ta dalilin gurɓatacciyar iska ta cikin gida, wadda yawancinta daga hayaƙin girki da itace, da gawayi, da kananzir ta ke fitowa. Cikinsu akwai yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Hayaƙin nan yana kawo ciwon huhu, da na zuciya, da na ido. Su wa ke shaƙarsa? Uwargida, da jaririn da ke goye a bayanta. Afisawa 5:28 ta ɗora wa miji ya ƙaunaci matarsa kamar jikin kansa. Ɗan'uwa, in da kai ne za ka zauna gaban murhun nan sau 3 kowace rana, da me za ka fara saya, babban talabijin ko murhun gas? Saboda haka a fara da murhu mai ƙarfi, mai ƙafafun ƙarfe da za su jure babbar tukunya da bugun muciya. Mai kai 3 ko 4 ya ishi yawancin gidaje. In da hali a zaɓi irin wanda ke yanke gas da kansa idan wutar ta mutu. Magini kuma ya fitar da taga babba a ɗakin girki, gama taga ba ta cin yunit ko ɗaya. Wanda ƙarfinsa bai kai gas ba tukuna, ya nemi murhu mai tsimin itace ko gawayi, ya yi girki inda iska ke wucewa. Babu abin kunya cikin wannan.

Gas bawa ne mai amfani, amma yana son a kiyaye dokarsa. Ya fi iska nauyi, saboda haka in ya tsiyaya sai ya kwanta a ƙasa ya taru. A ajiye tukunyar gas a tsaye, a inuwa, inda iska ke shiga, gara ma a waje a jawo tiyo ta bango. A gwada mahaɗar tiyo da ruwan sabulu: in ya yi kumfa, akwai yoyo. Kada a taɓa gwadawa da ashana. In an ji warinsa, a rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki. Harshen wuta shuɗi shi ne daidai, in ya koma rawaya yana baƙanta tukunya, murhun na son gyara. Janareta kuma kada a tashe shi cikin ɗaki ko kusa da taga, gama cikin hayaƙinsa akwai iskar guba marar wari wadda ta kan kashe mutane cikin barci. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, abin sanyi. Amfanin firiji shi ne ya hana abinci lalacewa, ya kuma ba uwargida dama ta sayi tumatir da nama lokacin araha, ta yi miyar kwanaki a zama ɗaya. Ana so cikinsa ya tsaya digiri 4 ko 5, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifiri. Ga abin da ya shafe mu musamman: in an ɗauke wuta, firiji da ba a buɗe ba ya kan riƙe sanyi wajen sa'a 4 kaɗai, amma firiza cike ta kan riƙe har wajen sa'a 48, mai rabi kuwa 24. Firiza mai murfi a bisa ta fi riƙewa, domin iska mai sanyi tana da nauyi, ba ta zubowa in an ɗaga murfin. Domin wannan, a unguwar da wuta ba ta zama, firiza irin wannan da matsakaicin firiji sun fi babban firijin nan mai ƙofa 2 amfani. In an kawo sabo, a bar shi tsaye waɗansu sa'o'i kafin a jona, a kuma bar fili tsakaninsa da bango.

Na uku, sauran kaya, bisa ga abin da gidan ya saba ci. Injin markaɗe mai ƙarfi yana rage wahalar tattasai da waken ƙosai da alale, kusan kowace rana za ya yi aiki. Obin yana da amfani ga matar da ke gasa burodi ko cake na sayarwa, har ya kan mai da kuɗinsa. Amma ga gidan da abincinsa tuwo ne da shinkafa da doya, sau da yawa ya kan zama ma'ajiyar tukwane. Ga gwaji mai sauƙi: uwargida ta rubuta abin da ta dafa cikin mako 2 da suka wuce. Duk injin da bai sami aiki cikin jerin nan ba, ya jira. Wannan ya nuna kuma wadda ya kamata a fara tambaya. Matar Shunem da mijinta sun yi shawara tare. Bai dace maigida ya tafi kanti shi kaɗai ya zaɓo wa wadda za ta yi aiki da kayan ba.

4. Idon mutane da igiyar bashi

Cikin 2 Sarakuna 20:12-18 mun karanta yadda sarki Hezekiya, bayan da Allah ya warkar da shi, ya karɓi manzanni daga Babila, ya zaga da su ya nuna masu dukan taskarsa, bai rage kome ba. Annabi Ishaya ya zo ya tambaye shi abin da baƙin suka gani a gidansa, sa'an nan ya sanar da shi wata rana za a kwashe duka zuwa Babila. Hezekiya mutumin kirki ne, amma a ranar nan ya nuna dukiyarsa maimakon ya ba da labarin Allahn da ya tashe shi daga ciwo. Wannan jaraba tana nan har yau a ranar buɗe sabon gida da ranar jere. Bari kowa ya tambayi zuciyarsa: da babu wanda za ya shigo ya gani, da zan sayi wannan?

Ya ku iyayen amare, maganar nan taku ce musamman. Al'adarmu ce iyaye su yi wa 'yarsu kayan ɗaki, al'ada ce mai kyau kuwa. Amma ta zama gasa. Uwa ta kan ce ba za a raina 'yarta ba, tun da 'yar wance an kai mata kaza da kaza. Sai uba ya sayar da gona, ko ya karɓi rance da ruwa, ko a cire ƙannen amarya daga makaranta. 'Yan ganin ɗaki za su yaba na yini ɗaya su watse, mai bin bashi kuwa za ya yi ta zuwa kowane wata. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma Misalai 22:7 ta faɗa mana matsayin mai cin bashi a gaban wanda ya ba shi, watau matsayin bawa. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Masu kanti da yawa suna cewa ka ɗauka yanzu ka biya kaɗan kaɗan. Kafin ka sa hannu, ka tara dukan abin da za ka biya har ƙarshe, ka gwada shi da farashin hannu da hannu. In tilas ne a jira, a jira. Adashi na wata 10 ya fi bashi na shekara 2.

Ku dangin ango kuma, da ku matan zumunta, kuna da hannu cikin wannan. In kun daina ƙidaya kayan amarya kuna gwada su da na wata, iyaye za su huta. Ku kuma samari masu aure, babu doka da ta ce sai an cika ɗakin girki a ranar fari. Abin da miji da mata suka tara suka saya tare a shekara ta 3 ya kan fi daɗi. In kuma kuɗin kaya ya sa zakka da baiko sun tsaya, ko taimakon tsofaffin iyaye ya yanke, sai mu tuna da faɗan da annabi Haggai ya yi wa mutanen da suka ƙawata gidajensu suka bar gidan Ubangiji kango.

5. Domin wa a ke girki?

Romawa 12:13 da 1 Bitrus 4:9 sun umurce mu da karɓar baƙi. Nan ne kaya masu kyau su ke samun darajarsu. Firizar da ke ajiye naman maƙwabciya gwauruwa, da murhun da ke dafa abincin mai bishara da ya sauka da dare, da ruwan sanyi da a ke miƙa wa maƙwabci ko da ba addininmu ɗaya ba, waɗannan suna yi wa Ubangiji aiki. Amma in kyan ɗakin ya sa ana jin ƙyashin talaka ya shiga, kayan sun zama iyayengiji. Domin wannan kada mai sabon gida ya rushe murhun waje. Ranar suna, ko biki, ko zaman makoki, ko Kirsimati, babbar tukunya a kan duwatsu 3 ita ce za ta ciyar da jama'a.

Mu tuna kuma da Martha cikin Luka 10:38-42, wadda yawan hidima ya raba hankalinta har ba ta zauna ta ji Ubangiji ba. In inji ya rage wa uwargida sa'a guda a rana, bari sa'ar nan ta zama ta hutawa, da karatun Littafi, da addu'ar iyali, da ziyarar marasa lafiya. Maigida da yara kuma su sani sayen inji bai ɗauke masu taimako a ɗakin girki ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa 4 matar Shunem ta sa a ɗakin Elisha, me kuma zaɓinta ya koya mana?
2. Ban da kuɗin saye, waɗanne kuɗaɗe 3 ya kamata a lissafta?
3. Ku duba bayan wani kayan lantarki a gidanku. Wat nawa ya ke ci? Nawa ke nan a wata bisa ga farashin unguwarku?
4. Me za ku yi in kun ji warin gas a ɗakin girki?
5. Ƙaƙa ekklesiyarku za ta taimaki iyayen amare su kuɓuta daga gasar kayan ɗaki?

Addu'a: Ya Ubanmu, mun gode maka domin gidaje da abinci da ka ba mu. Ka ba mu hikima mu yi lissafi, ka tsare mu daga ƙyashi da bashi, ka sa mazaje su ji tausayin matansu, ka kuma buɗe ƙofofinmu ga baƙi da matalauta. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.